Baƙi a Kan Igiyar Taru

Tun kafin doguwar motar ta gama tsayawa a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, Dotse ya san ƙaninsa ya sake jawo masa magana.

Yana tsaye ne a bakin ruwa, kumfa na dukan ƙwaurinsa, idonsa na kan jarkokin da ke riƙe da tarun a saman teku. Tun da asuba kwale-kwale ya zagaya da tarun ya dawo, mutanensa suka rabu biyu, kowane ɓangare da igiyarsa, suna ja suna matsowa kusa da juna. Yau igiya ta yi nauyi, irin nauyin da ke sa maza su daina hira. Rabon da su ji haka tun kafin damina ta ɗauke.

Taru biyu ne kacal a Amutikope: na Dotse, wanda ya gada wurin ubansa, da na Gakpo. Masu jan igiya kuwa ba albashi suke ci ba, inda rabo ya fi kauri nan suke kwana. Gakpo ya daɗe yana bin mutanen Dotse da kwalbar giyar akpeteshi da daɗin baki, har ya janye biyar. Sauran sun tsaya ne don kunyar marigayi uban Dotse, kunya kuma ba ta daɗewa a gidan da tukunya ta yi sanyi. Dotse ya sani sarai, in rabon yau bai cika kwando ba, gobe shi kaɗai zai tsaya a wurin nan.

"Efo!" Muryar ƙaninsa Senanu ce daga kan tudun yashi, yana kiransa yaya da yarensu. "Efo Dotse, ga baƙi na kawo mana!"

Bai waiwaya ba. Besa, mai ba da waƙar ja, tsohon da ya fi kowa daɗewa a kan igiyar, shi ya waiwaya, ya tofar da yawu.

"Ga ɗan'uwanka nan da garken tumakinsa."

Sun kai talatin, ma'aikatan wani banki daga Akara, duk da fararen riguna iri ɗaya, kowa da waya a ɗage. Senanu na gaba yana ɗaga ɗan littafin nan nasa mai bangon shuɗi. Bara ya dawo daga birni da jaka ɗaya, ya kafa bukkokin saukar baƙi uku a bayan gaɓa, ya rubuta littafin jagora ya rarraba a tashoshin mota. Wata mata mai faffaɗar hula ta buɗe nata tana karanta wa sauran da ƙarfi:

"Amutikope zirin yashi ne tsakanin teku da tafki. Ba otal, ba wutar lantarki, ba hayaniya. Sai ka yini kana tafiya ba ka ga sawun kowa ba sai na ƙaguwa. In ka taki sa'a ka tarar da masunta suna jan taru, kada ka ji nauyi, kama igiya ka taya su. Mutane ne masu son baƙi."

"Ba sawun kowa," in ji Besa. "To mu aljanu ne, a iska muke tafiya?"

Sai a lokacin maganar ta shiga kunnen Dotse. Ya juyo da sauri.

"Senanu! Janye su! Kada wanda ya taɓa mini igiya!"

"Haba Efo, hoto kawai za su ɗauka."

"Na ce janye su, ɗan banza!"

Ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sun zubo daga kan tudu suna ihu suna dariya, suka shiga tsakanin maza, wannan ya kama nan, waccan ta kama can. Wani mai tumbi ya ja sau biyu ya zauna daɓas a yashi, amma bai saki ba. Mai faffaɗar hula da yatsu uku ta riƙe, ɗaya hannun yana ɗaukar fuskarta.

Waƙa ta mutu a bakin Besa. Mazan suka dubi juna, suka dubi Dotse.

A Amutikope ba a korar hannu daga igiya, ba a kuma hana shi rabo. Haka kakanni suka bari, don gwauruwa da gurgu da baƙon da dare ya rutsa da shi su sami abin miya ba tare da sun yi roƙo ba. Duk wanda ya kama kafin jakar tarun ta hau yashi, tsibinsa daidai da na wanda ya fara tun asuba. Abin da ya riƙe dokar shi ne kunya: mai abinci a gida ba ya kamawa. Ba wanda ya taɓa tunanin za a wayi gari mota ta sauke ƙosassu talatin a lokaci ɗaya.

Jakar ta hau tudu tana motsi kamar mai rai. Kifi ne har ya fi abin da Dotse ya roƙa, yana walƙiya yana tsalle, mata na guɗa daga nesa. Baƙi suka yi tafi.

"Kai, kai, kai! Allah ya buɗa maka, Dotse!"

Gakpo ne, da zanensa a kafaɗa, yana takowa a hankali kamar mai zuwa biki. Bai zo shi kaɗai ba. Ya riƙo hannun Togbi Ahiable, dattijon da ke yanke hukunci a kan duk abin da ya shafi gaɓa.

"Ashe sabbin ma'aikata ka ɗauko daga birni ba labari? Dubi hannuwansu, kamar audugar asibiti."

Besa ya matso kusa da kunnen Dotse. "Efo, miƙa musu bibbiyu su kama gabansu. Ba su san komai ba."

Gakpo kunnen ɓera gare shi. "Togbi, ni dai tun da nake ban taɓa ganin an auna hannu ba. Ko an sauya doka ne ina barci?"

Dattijon ya dogara sandarsa ya dubi kifin, ya dubi fararen rigunan. Fuskarsa ba daɗi, amma ya faɗa.

"Hannu hannu ne."

Dotse ya dubi jama'ar da ta taru. In ya ƙi, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa tarun ɗan marigayi ya ci gumin mutane, kuma tarun da aka yi wa wannan suna ko kare ba ya kama igiyarsa. Ya cije. Ya ce a zuba har da kason taru, wanda shi ne nasa na gyara da na man inji, a raba gaba ɗaya. Duk da haka, da aka gama jera tsibi a kan yashi, kowane bai fi abin da za a ci yau a lashe hannu gobe ba.

Baƙi suka tsaya suna kallon nasu kamar an ajiye musu macizai.

"Wai namu ne? Ayya, mun gode," in ji mai hula. "Amma ina za mu kai ɗanyen kifi a mota mai sanyi?"

Senanu ya yi farat, fuskarsa ta washe. "Ka gani, Efo? Ba sa so. Ku kwashe abinku, shi ke nan!"

"Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta," in ji Besa. "Tsibin da ya sauka a yashi yana komawa taru ne?"

Ba ya komawa. Mai shi ne kaɗai zai ba wanda ya ga dama. Mutanen Dotse kuwa ba mai buɗe baki ya roƙi kifin da shi ya jawo da ƙarfinsa, matansu ma suka tsaya nesa suna haɗiye yawu, don abin gori ne mace ta karɓe abin da tarun mijinta ya bayar. Ablavi matar Gakpo ba abin da ya ɗaure ta. Sai ga ta da manyan kwanoni a kai, 'ya'yanta mata na biye, tana murmushi har kunne.

"Madam, kada ya ɓata miki riga, kawo in rage miki wahala. Oga, kai ma? Allah ya kai ku gida lafiya. Ku riƙa zuwa fa!"

Tsibi bayan tsibi ta kwashe, suna yi mata godiya, har da masu ɗaukar hoto da ita. Kafin rana ta karkata, hayaƙi ya turnuƙe a murhunan gidan Gakpo, ƙamshin kifin Dotse ya cika gari.

Besa ya ɗaure ɗan rabonsa a gefen zane. Bai ɗaga kai ba.

"Efo, da ni da ubanka muka fara jiƙa wannan tarun. Amma jikokina ba sa cin al'ada."

Washegari mutum uku ne suka zo, su ma da suka ga ba kowa suka sulale. Daga can ƙasan gaɓa ana jiyo muryar Besa tana ba da waƙa a kan igiyar Gakpo.

Kwana da kwanaki tarun na shanye a kan turaku, gishiri ya bushe a jikinsa fari fat. Dotse ya zauna a inuwar kwale-kwale yana ɗinke ramukan da babu su. Duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi da irin gaisuwar da ake yi wa mai zaman makoki. Gakpo kuwa kullum sai ya biyo ta nan.

"In ka gaji da shanya, ka yi mini magana. Zan saya da daraja, saboda marigayi."

Ranar Laraba da hantsi Dotse ya tashi ya nufi bukkokin ƙaninsa. Ya tarar an watsa wa ƙofar ɗaya ruɓaɓɓen hanjin kifi, Senanu na durƙushe yana wankewa. Da ya ga inuwar yayansa ya miƙe, ya shiga ya fito da kuɗi a hannu.

"Efo, ga abin da na samu ranar. Karɓi duka."

"Kuɗi na jan igiya?"

"To me kake so in yi? Na manta, na rantse na manta! Ina yaro na bar garin nan. Na ɗauka kifi ɗaya ko biyu ake ba mutum."

"Ba ka manta hanyar gida ba da yunwa ta koro ka."

Senanu ya jefar da tsummansa. "Eh, yunwa ta koro ni. Ku fa? Teku ya ƙare, Efo, kowa ya sani. Samari nawa suka rage a garin nan? Abu ɗaya muke da shi da mutanen birni za su biya su gani, shi ne wannan yashin. Na rubuta abin da zai kawo su, laifi ne?"

"Ka rubuta ba kowa a nan."

"Haka suke son ji!"

"To ga shi ka gaskata. A kan igiyata dai ba kowa."

Senanu ya sauke murya. "Asabar mota biyu za su zo, 'yan mawaƙan wata majami'a daga Tema. Zan gaya musu tun a hanya, ba mai zuwa kusa da taru. Shafin ma zan yage shi daga littafin."

Dotse har ya juya zai tafi. Ya tsaya. Daga nan ana hango hayaƙin gidan Gakpo.

"Mota biyu ka ce?"

"Biyu."

"Kada ka yage komai." Ya dawo ya dafa kafaɗar ƙaninsa, abin da bai yi ba tun da ya dawo gari. "Ka zaunar da su a nan, ka ba su kwakwa su sha. Sai ka ga jarkokin Gakpo sun matso kusa, sannan ka sake su. Ka ce musu masunta na son baƙi."

Senanu ya ja da baya. "Efo, kashe ni za su yi."

"Wa zai taɓa ka ina tsaye? Matata za ta zo da kwanoni, yadda aka yi mana mu ma mu yi. Rabon ya tsinke, mutanena su dawo. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ni ne yayanka ko ba ni ba?"

"Kai ne."

"To shi ke nan."

Asabar ta zo da iska mai ƙarfi. Dotse ya hau kan tudu da wuri ya zauna kamar mai shan iska, matarsa na bayan wata bishiya da kwanoninta. Ƙasa, igiyoyin Gakpo biyu cike da maza, nasa da na Dotse, suna jingina da baya suna tura ƙafa a yashi. Daga yadda suke nishi ya gane teku ya sake yin kyauta. Gakpo na kai da kawowa tsakaninsu yana zagin wannan yana kirarin wancan.

Jarkoki suka matso. Sai ga su sun ɓullo daga cikin kwakwa, samari da 'yan mata sun fi hamsin, da jajayen riguna, suna rera waƙar majami'a suna tafi, Senanu na gefe yana nuna musu hanya da littafi. Igiyar gabas ce ta fi kusa da su. Suka afka mata kamar fara.

Gakpo ya daskare. Dotse na ganin leɓensa na motsi, yana ƙirga jajayen riguna.

"Ku saki!" ya daka tsawa. "Ku saki, 'ya'yan karnuka! Wa ya kira ku?"

Ba su ji yarensa ba, suka ɗauka kirari ne, suka ƙara murya. Ya ruga ya fizgo filafili daga cikin kwale-kwale, ya maka a yashi. Ba wanda ya kula. Ya ɗaga ya sauke a kan hannun wani saurayi dogo.

Ƙarar da yaron ya yi ita ta watsa komai. 'Yan mata suka saki suna kururuwa, suka faɗa kan mazan da ke bayansu, na baya suka faɗa kan na bayansu. Wani ya taka wani, wani ya zagi uwar wani, masunta biyu suka saki igiya suka riƙe Gakpo da ke neman ƙara dukan. Igiyar da ta rage a hannun mutum kaɗan, ga nauyin kifi ga igiyar ruwa na ja, sai ta fizge. Ta bi ta tafin Besa da gudu ta bar masa jini, ta shige teku kamar maciji ya ga rami.

Dotse ya miƙe tsaye. Ba haka ya tsara ba.

Gefen gabas ya buɗe. Kowa na kallo, ruwa ya yi fari da kifi, suka bi ta ƙofar suka koma inda suka fito. Abin da masu igiyar yamma suka jawo daga baya, ciyawar ruwa ce da ledoji da takalmi ƙafa ɗaya.

Gaɓa ta yi tsit, sai kukan saurayin da ke riƙe da hannunsa. Togbi Ahiable ya sauko da sandarsa, ba mai riƙe da shi yau.

"Gakpo, ka kori hannu daga igiya. Ba korar kaɗai ba, da duka."

"Togbi, dubi yawansu fa! Shiri ne, na rantse shiri ne!"

"Hannu hannu ne. Bakinka ne ya tambaye ni makon jiya. Tarunka ba zai jiƙe ba sai wata ya mutu wani ya tsaya, ka kawo rago da kwalba gaban dattawa."

Gakpo ya zube a yashi. Amma mazan ba shi suke kallo ba. Sau biyu ke nan kifi na zuwa hannunsu yana wucewa, sau biyun kuma fuska ɗaya ce a gaba. Suka zagaye Senanu. Wani ya fizge littafin ya yayyaga, wani ya shaƙo wuyan rigarsa, wani ya watsa masa yashi a ido.

"Annoba! Ka koma inda ka fito!"

"A jefa shi ya bi kifin!"

Dotse ya sauko daga tudu, suka buɗa masa hanya. Besa ya tsaya a gabansa, ya naɗe tafinsa da tsumma, jini na ɗiga.

"Efo, tarunka ne kaɗai ya rage a gaɓar nan. Za mu dawo, mu duka, har da na Gakpo. Amma da sharaɗi. Bukkokin nan su sauka yau. Shi kuma ya bar zirin nan, kada mu sake ganin ƙafarsa, ko a jana'iza." Ya ƙura masa ido. "Sannan ina da tambaya, ka ba ni amsa a gaban Togbi. Gakpo ya ce shiri ne. Da saninka yaron nan ya kawo su? Don in da hannunka a ciki, gara in je tafki in kama ƙaguwa har in mutu."

Duk gaɓar ta saurara. Senanu na durƙushe, ido jajur da yashi, leɓe a fashe. Ya ɗago ya dubi yayansa, har da ɗan sakin ajiyar zuciya, kamar wanda ya hango tudu bayan dogon iyo.

Dotse ya dubi mazan. Ya san sunan kowa da sunan ubansa. Sun isa igiya biyu har da ragowa.

"Ni?" ya ce. "Yaushe rabon da in yi magana da wannan? Wanda ya kashe mini taru?"

"Efo..." in ji Senanu.

"Kada ka ƙara kirana."

Senanu ya buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa ta tona asirin Dotse. Yaron ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe bakin, ya miƙe, ya karkaɗe gwiwoyinsa. Ya bi bayan jajayen rigunan da ke rige-rigen shiga mota, ko jakarsa bai koma ɗauka ba. Samari suka ruga wajen bukkokin da adduna, suna ihu.

Motocin suka tashi, ƙura ta rufe su. Matar Dotse ta fito daga bayan bishiya da kwanoninta wayam, ta dube shi, ta wuce gida.

"Besa," in ji Dotse. "Me kuke jira? Ku sauko da tarun daga turaku. Kifin nan bai yi nisa ba."